Araha Ba Ta Ado? Tunani a Kan Zaɓen Manhajar Haɗa Bidiyon Gida



  

A yau da wuya ka sami wayar salular da ba ta cike da guntayen bidiyo: ranar suna, walimar saukar karatu, hawan Salla, ranar da jariri ya fara tatata. Amma idan za mu faɗa wa kanmu gaskiya, mafi yawan waɗannan guntaye ba a sake kallonsu. Suna nan a jibge har ranar da wayar za ta faɗa ruwa, ko a sace ta, ko ma'adanarta ta cika mai ita ya bi su da gogewa. Abin da ke tsakanin wannan tarin guntaye da bidiyo guda da iyali za su zauna su kalla shi ne aikin haɗawa, wanda 'yan fim ke kira tace hoto. Shi kuwa wannan aiki ba ya yiwuwa sai da manhaja.

Sau da yawa matasan da nake karantarwa sukan tambaye ni wace manhaja ce mai araha da za su yi amfani da ita. Bahaushe ya ce araha ba ta ado. A wannan fage dai na ga karin maganar ba ta cika ba, domin akwai manhajojin da ba a biyan ko kwabo kuma suna aiki mai kyau. Hatsarin yana wani wuri ne dabam: abin da aka kira kyauta alhali ana karɓar kuɗinsa ta bayan gida. Game da hukuncin ɗaukar hoto mai motsi kuwa, malamai sun yi bayani gwargwadon fahimtarsu, kuma ba shi ne maudu'inmu na yau ba.

Me Bidiyon Gida Yake Buƙata?

Kafin mutum ya tambayi farashi, ya kamata ya san abin da zai saya. Aikin bidiyon gida bai wuce abubuwa biyar ba: yanke wuraren da ba a so, jera guntaye bisa tsari, daidaita sauti, rubuta suna da kwanan wata, sannan fitar da bidiyon cikin sigar da kowace na'ura za ta iya buɗewa. Duk manhajar da ta iya waɗannan biyar ta wadatar. Sauran abubuwan da ake tallatawa, irin su hoto ya wulwula kamar fanka ko taurari su zubo daga sama, ƙyale-ƙyale ne da ido ke gajiya da su tun a kallo na biyu.

Na fara da wannan ne saboda na lura matashi yakan nemi irin manhajar da manyan kamfanonin fim ke aiki da ita, don kawai ya haɗa bidiyon sunan ƙanwarsa na minti goma. Wannan daidai yake da mutum ya yi hayar tirela don ya kai buhun gero ɗaya gida.

Tsada Ba a Kuɗi Kaɗai Take Ba

A fahimtata, kowace manhaja tana karɓar farashinta ta ɗaya daga cikin ƙofofi huɗu.

Ƙofa ta farko ita ce kuɗi, kuma a nan dole a bambance saye da haya. A da, mutum yakan sayi manhaja a faifai ta zama tasa. A shekarar 2013 kamfanin Adobe ya daina fitar da sababbin manyan manhajojinsa ta wannan hanya, ya koma tsarin biyan kuɗi wata-wata, kamfanoni da dama kuma suka bi sahu. Adobe Premiere ta haura dala 20 a kowane wata, wato fiye da dala 240 a shekara, kuma ranar da ka daina biya ranar za a rufe maka ƙofa. Ga wanda ke samun kuɗinsa da naira, wannan nauyi ne mai ƙaruwa da kansa. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, amma zuwa farkon 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya ɗaura wa kansa hayar dala a wancan lokaci ya wayi gari yana biyan ninki uku ba tare da an ƙara masa komai ba.

Ƙofa ta biyu ita ce tambari. Wasu manhajoji, irin su Filmora da KineMaster, suna barin ka ka yi aiki kyauta, amma idan ka zo fitar da bidiyon sai su manna tambarinsu a kansa, ba kuma zai fita ba sai ka biya. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, yana cikin sharuɗɗansu, sai dai mutane ƙalilan ne ke karanta sharuɗɗa. Shi ya sa da yawa ba sa ganewa sai bayan sun kwana suna aiki.

Ƙofa ta uku ita ce na'ura, da wuta, da data. Manhaja tana iya zama kyauta amma ta buƙaci kwamfutar da kuɗinta ya fi albashin malamin makaranta na shekara. Wata kuma ba ta motsi sai da intanet. A wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas, data kuma da tsada, wannan farashi ne na haƙiƙa ko da ba a rubuta shi a rasit ba.

Ƙofa ta huɗu, wadda ta fi damuna, ita ce sirri. Bidiyon gida ba kamar sauran bidiyo ba ne. A cikinsa akwai iyayenmu mata a tsakar gida ba tare da shirin fita ba, akwai fuskokin yara, akwai cikin ɗakunanmu. Manhajar da ke ɗora aikinka a kan rumbun kamfani ta intanet ta fitar da waɗannan daga hannunka zuwa hannun wani. A watan Yunin 2025 an yi ta muhawara a duniya kan sharuɗɗan CapCut, manhajar kamfanin ByteDance mai TikTok, saboda faɗin iznin da suke bai wa kamfanin a kan abin da mutane suka ɗora. Kamfanin ya fito ya yi bayanin cewa ba ya da'awar mallakar aikin kowa. Ko ma mene ne, darasin a fili yake: duk abin da ka ɗora, ka ɗora shi ne bisa sharuɗɗan da wani ya rubuta, kuma yana da ikon sauya su.

Waɗanda Suke a Fage

Waɗanda suka fara taɓa kwamfuta a zamanin Windows XP ba za su manta da Windows Movie Maker ba. Ta fara fitowa a shekarar 2000, kuma ita ta koya wa miliyoyin mutane wannan aiki. Kamfanin Microsoft ya janye ta a watan Janairun 2017. Saboda haka duk shafin da ka gani a yau yana cewa ka sauke ta, ka yi hattara, domin ba daga masu ita ba ne, kuma sau da yawa tarko ne na karɓar kuɗi ko na shigar da ƙwayar cuta. Wadda ta gaje ta ita ce Clipchamp, da Microsoft ya saya a 2021 ya sanya ta cikin Windows 11. Tana da sauƙin koyo, tana fitar da bidiyo mai girman 1080p ba tare da tambari ba, amma tana buƙatar asusun Microsoft da intanet.

Mai iPhone ko kwamfutar Mac shi an hutar da shi. Manhajar iMovie, wadda Apple ya fara fitarwa a 1999, kyauta ce ga duk masu na'urorin kamfanin tun 2017, kuma ta ishi bidiyon gida har da saura.

Sai kuma wani rukuni da nake son matasanmu su sani, wato manhajojin da ake kira masu buɗaɗɗen tushe. Waɗannan masu sa kai ne daga ƙasashe daban-daban suke gina su, sun bar asalin rubutun manhajar a fili kowa ya duba, kuma lasisinsu ya halatta maka ka yi amfani da su, ka kwafa, ka bai wa wani. Uku ne suka fi shahara: Kdenlive, wadda Jason Wood ya faro a 2002, OpenShot, wadda Jonathan Thomas ya faro a 2008, da Shotcut, wadda Dan Dennedy ke jagoranta. Dukkansu suna aiki a Windows da Linux da Mac, ba tambari, ba rajista, ba sa neman intanet bayan an sauke su. OpenShot ta fi sauƙi ga ɗan koyo, Kdenlive ta fi yawan kayan aiki, Shotcut kuma tana tsaka-tsaki.

A can sama akwai DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design na ƙasar Ostireliya. Da ita ake gyara launin manyan fina-finai, kuma abin mamaki tana da nau'i na kyauta marar tambari. Mai cikakken kaya kuwa dala 295 ne, biya ɗaya. Sai dai kamfanin da kansa ya ce a Windows tana son RAM mai gigabait 16 da katin hoto mai ƙarfi, sauke ta kaɗai kuma yana cin fiye da gigabait biyu na data. Wanda Allah ya hore wa irin wannan kwamfuta, kuma yake son ya mayar da abin sana'a, to ga fili ga mai doki. Wanda kuwa yake da ƙaramar kwamfuta ta hannu irin ta mafi yawanmu, ya nemi daidai ƙarfinsa.

Wanda ba shi da kwamfuta sam, kada ya karaya. Mafi yawan wayoyi suna zuwa da abin yanke bidiyo a cikin ma'ajiyar hotunansu, Google Photos ma tana iya yankewa da jerawa. Abin lura kawai shi ne mutum ya duba ko an kunna ɗora hotuna kai tsaye zuwa intanet, ya yanke shawara da saninsa.

Batun Manhajar da Aka Ɓalle wa Makulli

Na san abin da wani zai ce: "Malam, ai da 'yan kuɗi kaɗan za a zuba mini mai tsadar a kasuwa." Gaskiya ne ana yi. Ana ɗaukar manhajar kuɗi a ɓalle makullinta, abin da ake kira kirak, a raba wa jama'a. Ina da magana biyu a kai.

Ta farko, haƙƙi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, ta tattauna wannan babi a zamanta na biyar a Kuwait a watan Disambar 1988, ta kuma yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta su. Akwai malaman da suka sassauta a wasu surori, amma ko su sukan rataya sassaucin ne ga buƙata. To ina buƙatar take alhali ga halal a shimfiɗe kyauta?

Ta biyu, hankali. Wanda ya iya ɓalle makullin kamfani ya iya dasa abin da ya ga dama a cikin manhajar, kuma galibi sharaɗin sanya ta shi ne ka fara kashe manhajar da ke tsare kwamfutarka daga ƙwayoyin cuta. Ka kori maigadi da hannunka, ka shigo da baƙon da ba ka san asalinsa ba, a cikin kwamfutar da hotunan mahaifiyarka da matarka suke. Wannan ba araha ba ce.

Abin da Na Zaɓa

Kwamfutata ta hannu ce, RAM ɗinta gigabait 8, kuma Shotcut nake amfani da ita. Ban zaɓe ta don ta fi kowace kyau ba. Na zaɓe ta ne saboda tana tafiya a kan abin da nake da shi, tana aiki ko babu data, kuma babu wanda zai wayi gari ya ce in biya kafin in buɗe aikina.

Aikin da ya fi kowane daraja a wurina shi ne hirar da na ɗauka da Goggo, yayar mahaifina, wadda ita ce babba a zuriyarmu yanzu. Na jingina waya a kan tulin littattafai, na roƙe ta ta ba ni labarin kakanninmu da yadda suka baro ƙauye. Ta kalli wayar ta ce, "Kai ɗan nan, wa da wa za su gani?" Na ce, "Goggo, 'ya'yanki da jikokinki kawai." Ta ce, "To, kada ka sa ni a duniya." Na yi mata alkawari. Wannan magana tata ita ce ma'aunin da nake auna kowace manhaja da shi: shin za ta bar ni in cika wa Goggo alkawari?

Ta yi minti arba'in tana magana. Ta lissafo kakanni har hawa biyar. Ta ba da labarin farin 1973 da yadda aka riƙa auna hatsi da gwangwani, da ruɗanin da aka shiga a kasuwa a shekarar da naira ta maye gurbin fam da sule. Da na zauna haɗawa, na yanke inda akuya ta shigo, da inda injin maƙwabta ya danne muryarta, bidiyon ya dawo minti goma sha takwas. Amma ban yanke shirun da takan yi kafin ta ambaci sunan wanda ya rasu ba, domin shirun ma labari ne. Ban kuma ɗora wani sauti a ƙarƙashin muryarta ba. Yawancin shiryayyun samfuran da ke cikin manhajojin waya suna zuwa da kiɗa a manne. Ko mutum bai shiga batun hukuncinsa ba, ya tambayi kansa abin da jikoki za su so ji bayan shekara talatin: kiɗan da ya yi tashe na wata uku, ko muryar kakarsu da kukan zakaran gidan?

A wannan aiki na ga muhimmancin wani abu da ba a faɗa a tallace-tallace, wato haruffanmu. Idan za ka rubuta Ɗanladi ko Ƙaura ko Ɓaidu a kan bidiyo, wasu salon rubutu ba su da haruffa masu lanƙwasa, sai su fito da ɗan akwati a gurbinsu. Salon Noto Sans na Google da Andika suna da su, kuma kyauta ne. Haka rubutun Larabci: a wasu manhajoji haruffan kan rarrabu ko su juya. Ka gwada tun kafin ka yi nisa.

Jarrabawar Minti Goma

Ga abin da nake ba ɗalibaina shawara su yi da kowace manhaja kafin su ba ta amanar aikinsu. Ka ɗauki bidiyon minti ɗaya daga wayarka ka shigar. Ka yanke shi gida biyu, ka sauya jerin. Ka rubuta kalma mai ƙ da ɗ a kai. Ka kashe data, ka ga ko za ta ci gaba da aiki. Sannan ka fitar da shi, ka duba ko akwai tambari, ka duba ko motsin baki ya yi daidai da murya, ka kuma kunna shi a wata tsohuwar waya ko talabijin. Wadda ta ci wannan jarrabawa ta cancanci lokacinka.

Idan murya ta saɓa da baki, galibi dalilin shi ne wayoyi kan sauya yawan hotunan da suke ɗauka a daƙiƙa gwargwadon haske. Shotcut takan gano hakan ta nemi izninka ta daidaita bidiyon, manhajar HandBrake ma, wadda kyauta ce, tana yin wannan gyara. Idan kuma bidiyon yana sarƙewa lokacin aiki, ka nemi inda aka rubuta Proxy a Shotcut ko Kdenlive. Manhajar za ta yi ƙaramin kwafi marar nauyi ka yi aiki da shi, idan an zo fitarwa sai ta koma ga na asali. Tun wajen ɗauka ma, 1080p ya wadatar. Girman 4K ya ninka shi huɗu a yawan ɗigon hoto, yana cinye ma'adana, yana wahalar da ƙaramar kwamfuta, alhali a waya za a kalla.

Bayan An Gama

A nan ne mutane da yawa ke asara. Jakar aikin da manhaja ke ajiyewa ba bidiyo ba ce, umarni ne kawai na inda aka yanke da inda aka jona. Dole ka fitar da bidiyon kansa, kuma siga mafi aminci ita ce MP4 mai tsarin H.264, wanda aka tabbatar tun 2003 kuma kusan kowace na'ura tana karanta shi. Kada kuma ka goge guntayen asali.

Masana ajiya suna da ƙa'ida mai sauƙi: kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gida dabam. Nawa ɗaya yana kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje, ɗaya a filashi a wurin ƙanena. Ka sani filashin da ke kan tsarin FAT32 ba ya karɓar jakar da ta haura gigabait 4. Idan kuma za ka tura wa ɗan'uwa ta WhatsApp, ka tura a matsayin takarda, domin ta haka ba a matse shi ingancinsa ya ragu, kuma ana karɓar har gigabait 2. Ka haɗa da roƙon kada a yaɗa, ka kuma nemi iznin duk wanda fuskarsa ta fito kafin ka tura.

Kaset-kaset ɗin bikin iyayenmu sun ishe mu wa'azi. Suna nan a cikin akwatuna, amma kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar kunna su, Funai na ƙasar Japan, ya daina a 2016. Abin da ba a kwafe shi zuwa sabuwar ma'adana ba, a hankali yake mutuwa ko da ba a jefar da shi ba.

Kammalawa

Ya ɗan'uwa, ya 'yar'uwa, manhaja mai araha ita ce wadda ta halatta gare ka, take tafiya a kan na'urar da kake da ita, ta bar sirrin gidanku a hannunka, kuma ta ba ka damar gama aikin. Kada neman wadda ta fi kowace ya cinye maka watanni. Manhajoji za su ci gaba da fitowa kowace shekara, amma tsofaffin da ke gidajenmu ba za su jira mu ba. Ka zaɓi ɗaya a wannan mako, ka yi mata jarrabawar minti goma, sannan ka nemi izni ka zauna a gaban babban da ya rage muku.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana mai albarka, Ya sa mu zama masu riƙon amana a fili da ɓoye. Wallahu a'alam.